Mangwaro a Gonar Aro

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Na sauke bidiyon daga shafi. Da na gama na tashi na dafa shayi.

Bari in rubuta yadda abin yake, tunda a nan babu edita. Kamfanin hulɗa da jama'a da nake wa aiki daga gida, wanda ofishinsa ke Abuja, ya samu aikin wayar da kan manoma kan dashen itatuwa kafin damina. Ni ce mai kula da ɓangaren Hausa: shafin Facebook, gajerun bidiyo, da saƙonnin murya na WhatsApp. Jamil, shugaban sashenmu, ya ce yana son manomi na gaske, ba ɗan wasan da aka naɗa wa rawani ba. Na ce ina da shi: Kawu Muntaka, ƙanin mahaifiyata, a Ƙwarin Marke. Muka je da mai kyamara, aka miƙa masa dashen mangwaro, ya haƙa rami a gonar da na tashi ina jin ana kira gonar Kawu, ya dasa, ya zuba ruwa. Bidiyon ya yi kyau. Ban taɓa saka abin da ya yi yawo kamarsa ba.

Gonar ba tasa ba ce, aro ce. Ta Baba Shago ce, wani dattijon garin. Mahaifinsa ne ya ba kakana ita ya noma, tun kafin a haifi Inna, kuma duk kaka Kawu yana kai damin gero gidan Shago. Wanda aka ba aron gona yana shuka gero da dawa da gyaɗa, duk abin da za a girbe a shekarar. Ba ya dasa itace. Wanda ya dasa itace ya ce ƙasar tasa ce.

Micah, babban ɗan Baba Shago, ya ga bidiyon a Kaduna inda yake aiki. Ya aiko cewa kada Kawu ya sake sa fartanya a gonar bana. Ita ke ciyar da gidan Kawu.

Amma dai na sauke. Alhamdulillahi.

Laraba, 23 ga Afrilu, da hantsi

Saukewar ba ta yi amfani ba. Tun jiya bidiyon ya koma WhatsApp, an yanke tambarinmu, an rubuta masa wani kanun da ba nawa ba. Na shekara bakwai a gidan jarida, na san abin da ya fita ya fita. Ban san me ya sa jiya na yi zaton nawa daban ne ba.

Na kira Kawu. Bayan gaisuwa na ce, “Kawu, me ya sa ba ka faɗa min ba?”

Ya ce, “Kin zo da baƙi daga Abuja, an kafa kyamara, in ce miki me a gabansu? Cewa na yi idan kun tafi sai in cire.”

“To me ya hana?”

Ina jin kukan awaki a bayansa. Can ya ce, “Ya kama, Aina'u. Har ya yi sabon ganye.”

Yanzu kuma ba ya ciruwa. Idan ya cire, za a ce yana ɓoye shaida.

Baba Shago kaɗai zai iya kashe maganar, shi kuwa yana Kano gidan ’yarsa, an yi masa aikin ido. Matarsa, Inna Dokas, ta hana a gaya masa komai sai likita ya sallame shi, saboda hawan jininsa. Na ji daɗi da na ji bai sani ba. Ban tabbata wannan jin daɗin na kirki ba ne.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Ba zan rubuta na yau ba. Ba a kai kowa asibiti ba. Alhamdulillahi.

Juma'a, 25 ga Afrilu, kafin masallaci

Tun safe ina goge sharhi. Mutanen da ba su san hanyar Ƙwarin Marke ba sun gano cewa mai gonar Kirista ne, mai noman Musulmi. Wannan kaɗai ya ishe su. Wani daga Jos ya rubuta dogon bayani kan ƙwace filaye. Wani daga Zariya ya mayar masa da kalmar da ba zan rubuta ba. Na goge duka biyun, na rufe sharhi a shafin gaba ɗaya.

Jamil ya kira ya ce rufe sharhi yana rage mana isa ga jama'a. Na ce na sani. Ya turo min wata maƙala kan kamfanonin Amurka da ke tallata kaya ga masu jin Sifaniyanci, yadda suka gane cewa fassara ba ta isa ba, sai an ɗauki ’yan cikin al'ummar su yi aikin. Na karanta ta har ƙarshe, don maƙala ce mai kyau. Abin da ba ta faɗa ba shi ne ’yar cikin al'ummar ma tana iya tasowa a Gyaɗi-Gyaɗi cikin birnin Kano, tana zuwa ƙauye hutun makaranta kawai ta ci gyaɗa ta koma.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da yamma

Maigidana Naziru ya kai ni Ƙwarin Marke a babur.

Mun bi ta gefen gonar. Gonakin da ke kewaye duk an share, an jera tarin taki layi-layi ana jiran ruwa. Ta Kawu rabi ce aka kai wa taki. Daga inda aka tare jakunan takin ranar Alhamis, babu ko tari ɗaya. Mangwaron yana tsakiya, an kewaye shi da ƙaya, kore shar.

Abdulkabir, babban ɗan Kawu, ya gaishe ni da hannun hagu. Na daman a naɗe yake da tsumma. Ban tambaya ba. Babur ɗin ɗaya daga cikin ’yan uwan Micah ma na gan shi jingine a ƙofar gidansu babu madubi.

Na shiga wurin Inna Dokas. Ta dawo daga coci, ta sauya zani, tana wanke kalwa a babban kwano.

Ta ce, “Ke ce mai wayar? ’Yar Luba?”

Na durƙusa na ce ni ce.

“Tashi, ba gaban alƙali kika zo ba. Riƙe min wannan rariyar.”

Na riƙe. Ta ce kalwar nan daga ɗorawar da ke cikin gonar ta tsinko ta, kamar yadda take yi duk shekara, don itacen gona na mai gona ne. Ina yarinya na sha ganinta a gindin ɗorawar nan da doguwar sanda. Ban taɓa tambayar me ya kawo ta gonar Kawu ba.

Ta ce, “Kakarki ce ta yanke cibiyar Micah. Shi bai manta ba, zuciya ce. Amma kada ki ce min ba shi da gaskiya.”

Na ce ban zo in ce haka ba.

“To me kika zo yi?”

Na gyara riƙon rariyar. Ta yi dariya, ta ƙulla min daddawa a leda ta ce in kai wa Luba, wato Innata. Na fito ƙafata ta fi sauƙi.

Talata, 29 ga Afrilu, da azahar

Na kira Micah, bai ɗauka ba.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Yau hutu ne, ya ɗauka. Na shirya zan ji ihu, sai na ji murya a kwance.

Ya ce, “Aina'u, ke ’yar jarida ce, bari in yi miki tambaya. Baba ya haura tamanin. Kawunki ma ba yaro ba ne. In Allah ya yi musu rasuwa, yarana da su Abdulkabir suka tsaya gaban kotu, me za a nuna? Damin gero ba ya zuwa kotu, an cinye shi. Bidiyonki kuwa yana wayar kowa.”

Na ce na sauke shi.

Ya ce, “Daga wayata ma kin sauke?”

Na ce a'a.

“Ba na ƙin Baba Muntaka. Shi ya koya min huɗa. Amma in na bari aka yi damina ɗaya da itacen nan a tsaye, shi ke nan, mun yarda.”

Na tambaye shi ko akwai abin da zai gamsar da shi. Ya ce shi ba mai gona ba ne tukuna, mai gona yana Kano da auduga a ido. Ya ƙara da cewa rigimar da aka yi a gonar waccan Alhamis ɗin ba shi ya aiko ba, kuma ya yi wa yaransu faɗa.

Na rubuta maganarsa yadda ya faɗa, don ban samu inda zan gyara ba. Abin mamaki, hankalina ya fi kwanciya. Ashe da mutum mai hujja muke magana.

Lahadi, 4 ga Mayu, da safe

Inna, mahaifiyata, ta kira daga Kano. Ba ta ambaci gona ba. Ta tambayi lafiyar Naziru sau uku.

Laraba, 7 ga Mayu, bayan azahar

Jamil ya zo da dabara. A kawo fasto da liman, su riƙe dashe ɗaya, a sa waƙa a ƙasa, a kira shi itacen zaman lafiya. Ya ce masu ba da aikin za su so shi sosai.

Na ce, “Jamil, babu faɗan addini a Ƙwarin Marke. Maganar gona ce. In muka kawo fasto da liman, mu muka gaya wa mutane akwai.”

Ya ce, “Hajiya, labari muke sayarwa.”

Na ce wannan gonar kawuna ce, wato ba tasa ba, wato dai ya gane abin da nake nufi. Ya yi dariya, ni ma na yi. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata, bayan nan zai nemi wani ya riƙe shafin. Na ce na yarda. Ba shafin ne ke hana ni cin abinci ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da la'asar

Hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Na tsaya a tsakar gida ina kallonsa, na kama kaina ina addu'ar kada ya sauka. A ƙasar manoma, a watan Mayu. Iska ta zo ta watsa shi. Na ce alhamdulillahi, sannan na yi istigfari.

In ruwan shuka ya sauka kafin Baba Shago ya dawo, kowa zai fita da sungumi, Kawu zai zauna a zaure.

Litinin, 12 ga Mayu, da hantsi

An ce an yi yayyafi wajen Ɗanbatta. Bai jiƙa ƙasa ba.

Talata, 13 ga Mayu, bayan magariba

Baba Shago ya dawo.

Inna Dokas ce ta ba ni labari a waya, tana yi tana dariya. Ita ta je Kano ta ɗauko shi. Ta shirya za ta bar shi ya huta, ya ci tuwo, gobe ta lallaɓa ta gaya masa. Sai mai motar ya bi da su ta hanyar gona. Tsohon da ya shekara biyu ba ya bambance akuya da tunkiya ya ce a tsaya. Ya fito da baƙin tabarau, ya dubi gonar, ya ce, “Me ya sa Muntaka bai gama kai taki ba? Kuma wane ne ya sa mangwaro a nan?”

Da aka gaya masa, ba da Kawu ya fara zagi ba, kuma ba da ni ba. Da ita ya fara, sannan Micah a waya, don sun mayar da shi gawa tun yana numfashi. Ta ce jininsa bai hau ba, nata ne ya hau.

Ya ce kowa ya hallara a gonar ranar Asabar: Micah, Kawu, mai unguwa, da ’yar Luba. Ya ce in zo da wayar.

Ban san me zai yi ba. Amma na ci tuwo har na ƙara.

Asabar, 17 ga Mayu, da yamma

Zan rubuta a jere, kada in tsallake.

Mun isa da hantsi. Mai unguwa yana kan kujerar roba a gindin ɗorawa. Micah ya iso tun jiya. Ya gaida Kawu har ƙasa, Kawu ya amsa bai ɗago ba. Mutanen gari sun tsaya nesa, kowa yana yin kamar wani abu ya kawo shi.

Baba Shago ya zo da babbar riga da tabarau da sanda. Ya dube ni ya ce, “Ke ce kika sa Muntaka a talabijin ni ba ki sa ni ba? Ya fi ni kyau ne?”

Na ce, “A'a, Baba.”

“To kunna.”

Na kunna. Ya sa aka janye ƙayar. Ya karɓi fartanya ya fara haƙa kewayen mangwaron da kansa. Micah ya matso zai karɓa, ya daka masa tsawa. Ya daɗe yana yi, yana hutawa yana haki. Ya ɗago dashen da ƙasarsa, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, sannan ya mayar da shi cikin ramin da ya fito, ya tura ƙasa, ya taka da ƙafa.

Ya juyo ya fuskanci wayar. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya faɗi iyakar gonar ta kowane ɓangare, da sunan maƙwabcin da ke can. Ya ce gonar gidansu ce, mangwaron nan shi ya dasa yau a gaban mai unguwa, kuma Muntaka zai ci gaba da noma kamar yadda ubansa ya yi, ’ya'yansa ma haka in sun riƙe abin da aka saba.

Ya tsaya ya ce, “Hular ta karkace?”

Na ce kaɗan. Ya gyara, ya sake faɗa daga farko, har ya ƙara tarihin wata rijiya. Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana dariya.

Sai Micah ya ce, cikin ladabi, saura abu ɗaya. Baba Muntaka ya faɗa da bakinsa.

Dariyar ta tsaya. Kowa a Ƙwarin Marke ya san gonar aro ce, amma ba a taɓa sa Kawu ya faɗa ba. Yanzu zai faɗa wa waya, surukansa na Dawakin Tofa su ji, mutanen kasuwa su ji, har da na Jos da na Zariya. Dattijo mai jikoki zai ce ba shi da ƙasar kansa. Abdulkabir ya juya ya bar wurin.

Na sauke wayar. Kawu ya ce, “Ɗaga, Aina'u.”

Na ɗaga. Ya ce, “Ni Muntaka, gonar nan aro ce a hannuna. Ta gidan Shago ce. Sun riƙe mu da amana, mun gode.” Bai nemi a sake ba.

Baba Shago ya dafa kafaɗarsa ya ce, “To, ruwa kai za ka ci gaba da ba shi, ni na tsufa. In ya yi ’ya'ya ka zo ka roƙa, in duba.”

Kawu ya ce, “Ka dai kai lokacin.”

“Da sabon ido? Ni zan yi maka ta'aziyyar haƙoranka.”

Micah ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya tambayi inda jakunan suke. Kafin mu taho an kawo mangala biyu na taki, shi da ƙanin Abdulkabir suna juyewa.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Litinin, 19 ga Mayu, da hantsi

Na saka bidiyon a shafin da na farko ya fita, don Micah ya ce nan ya kamata. Babu waƙa, babu kanu sai sunan gari da kwanan wata. Na tura wa Micah da mai unguwa cikakkensa, ba yanka. Jamil ya ce ya yi tsawo, kuma tsoho yana haƙa rami ba ya riƙe mai kallo. Yana da gaskiya. Masu kallo kaɗan ne, ba ko kusa da na farko ba. Na Jos da na Zariya ba su zo ba.

Kafin in saka na kira Kawu na ce zan iya cire nasa ɓangaren daga na shafi, a bar shi a na mai unguwa kawai. Ya ce a'a, in an cire ba a yi komai ba. Sannan ya tambaye ni ko Inna ta gani. Na ce ta gani. Bai tambayi abin da ta ce ba, ni ma ban faɗa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu, bayan azahar

Abdulkabir ya amsa gaisuwata a waya. Gajeriya ce, amma ya amsa. Ya ce an gama kai taki.

Baba Shago ya aiko a tambaye ni mutum nawa suka gan shi. Na ce a gaya masa da yawa.

Talata, 27 ga Mayu, da safe

Ruwa ya sauka kafin asuba, mai ƙarfi, har ya cika kwatar gidanmu. Da gari ya waye na kira Kawu. Sai a kira na uku ya ɗauka, yana haki, ina jin muryoyin yara da ƙarar sungumi.

Na ce, “Kawu, ina kwana, ya ruwa?”

Ya ce, “Aina'u, kashe wayar nan. Shuka muke.”